Sharhi kan sabon tiyon sitiyari na Corolla da ɗaura shi a gida

Toyota Corolla ƙirar Amurka ta shekarun 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunan Kaduna tun daga Kawo har Sabon Tasha, sitiyarinta da mai yake aiki, ba da lantarki ba kamar na ƙirar da ta biyo baya a 2009. Famfo ne da bel ke juyawa yake tura man ta cikin tiyo zuwa rakin sitiyari, wato ƙarfen da ke karkata tayoyin gaba, sannan wani tiyon ya mayar da shi ɗan tankinsa. Tiyon farko shi ne mai ɗaukar matsi, wanda kan haura 1,000 a ma'aunin matsi na psi idan aka murɗa sitiyari har ƙarshe, kuma shi ne na sayo sabo a Panteka na ɗaura a gida bayan nawa ya fara yoyo daidai inda roba ta haɗu da ƙarfe.

Mai neman wannan tiyo yana da zaɓi uku a kasuwa. Akwai ɗan Beljiyam da aka cire daga wata motar, akwai masu matse sabuwar roba a kan tsofaffin ƙarafan tiyonka, sannan akwai sabo fil a cikin leda, wanda ba kamfanin motar ne ya yi shi ba. A yawancin kayan gyara ina goyon bayan ɗan Beljiyam, amma ban da wannan, domin roba tsufa take yi ko ana amfani da ita ko tana ajiye, kuma tiyon da aka cire daga motar 2005 shekarunsa ɗaya da wanda ya lalace a tawa. Matsewa tana da sauƙin kuɗi, sai dai ingancinta ya dogara ga injin da aka yi ta da shi da kuma irin robar da aka sa, abin da mai saye ba zai iya tantancewa da ido ba.

Da aka buɗe ledar a shagon, na aza sabon a kan tsohon da na riga na cire na tafi da shi, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka. Tsawonsu ya zo daidai, lanƙwasar ƙarfen ma haka, matsin bakin kuwa an yi shi tsaf, babu inda zaren cikin robar ya leƙo. Akwai rigar kariya daga zafi a sashen da ke bi ta bayan inji, kusa da bututun hayaƙi, amma ta fi ta asali siranta ƙwarai, kuma wannan ne babban abin da ya rage masa daraja a wurina, tunda zafin wannan wurin ne ke busar da roba har ta tsattsage. Abu na biyu shi ne babu wosha ko ɗaya a cikin ledar. Da na tambaya, sai mai shagon ya ce, "Alhaji, ai tsofaffin ma za su yi." Na ce, "Malam, a taimaka mini da sababbi." Ya aiki yaronsa ya kawo guda biyu na jan ƙarfe. Dalilin nacewata shi ne, kusar da ke haɗa tiyon da famfo tana da rami a ciki wanda man ke bi, kuma woshar da ke sama da ƙasanta tana toshe yoyo ne ta hanyar lotsewa idan aka ɗaure. Wadda ta riga ta lotse sau ɗaya ba ta cika sake riƙewa ba.

Aikin ɗaurawar ba na gaggawa ba ne. Sai inji ya huce, an ɗaga gaban motar an tokare ta da ƙafafun ƙarfe, domin jak kaɗai ba abin shiga ƙarƙashinsa ba ne, sannan a zuƙe man da ke cikin tanki a ajiye faranti a ƙasa. Inda ya fi ba da wahala shi ne notin da ke shiga rakin, saboda wurin a matse yake, hannu da ƙyar yake kaiwa, kuma sifana mai buɗaɗɗen baki tana saurin cinye kusurwoyinsa. Wadda ta dace ita ce mai zobe da aka tsaga gefe guda, irin da ake kwance bututun burki da ita. Wajen mayarwa, dole ne a fara murɗa notin da yatsu har ya shiga sosai kafin a sa sifana, domin idan ya hau a karkace ya ci zaren rakin, asarar ta ninka kuɗin tiyon sau da yawa. A nan sabon tiyon ya nuna ƙaramin aibinsa: ɗaya daga cikin maƙalansa bai zo daidai da raminsa ba, sai da na sassauta shi na ɗan matsar. Bai kamata a bar maƙalin a sake don gudun wannan wahala ba, saboda tiyon da ke lilo yakan goga jikin ƙarfe har ya huje.

Man da Toyota ta tsara wa wannan mota shi ne jan man giya nau'in Dexron II ko III. Masu Honda su kula, motarsu nata man daban ne, kuma wannan jan man ba ya dacewa da ita. Bayan an cika tankin, sai a fitar da iskar da ta shiga: tayoyin gaba na sama, inji a kashe, a riƙa juya sitiyari a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan ana ƙara mai, sannan a tayar da inji a maimaita, ba tare da an riƙe sitiyarin a ƙarshe fiye da 'yan daƙiƙoƙi ba. Muddin man yana kumfa ko famfo yana kuka, to da sauran iska. Nawa sai da na kashe motar na bar kumfar ta kwanta kafin kukan ya ɗauke gaba ɗaya.

Tun daga lokacin, na bi da motar ta cunkoson Titin Ahmadu Bello da rana tsaka, inda ake yawan murɗa sitiyari mota na tafiyar hawainiya, kuma bakin tiyon a bushe yake, man bai ragu ba, sitiyarin kuwa ya yi laushi kamar da. A ganina tiyon ya ci kuɗinsa, kuma na fi son sa a kan ɗan Beljiyam, da sharaɗin a sayi sababbin wosha a kuma riƙa duba siririyar rigar nan duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai. Wanda ba shi da ƙafafun tokare mota da sifanar da ta dace, gara ya sayi tiyon da kansa ya kai wa bakanike, ya tsaya har a fitar da iskar a gabansa.