Ɗakin Koyon Tuƙin Ƙaramin Jirgi a Kwamfuta da ke Yelwa, Bauchi: Ya Cancanci Kuɗinsa?

A unguwar Yelwa, ba nisa da Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, akwai wani shago mai ɗaki biyu inda ake biyan kuɗin awa a zauna gaban na'urar kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Ɗan ƙanena, wanda ya ƙudurta shiga Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, ya mayar da wurin wajen zuwansa duk ƙarshen mako, kuma da yake ina cikin waɗanda za su sa hannu a kuɗin karatunsa, na ga ya dace in je in ga abin da ake sayar masa. Ra'ayina shi ne wurin yana da amfani na gaske ga wanda ya zo koyo, amma yana iya cutar da wanda ya zo neman a ce masa gwani.

Kayan aikin ba su da yawa. Kwamfuta ce mai ƙarfi da manyan allo uku, da sitiyarin jirgi da totur na kamfanin Logitech, da fedar ƙafa biyu masu juya wutsiya, sai abin sawa a kunne. Manhajar ita ce Microsoft Flight Simulator ta shekarar 2020, wadda ke gina ƙasa daga hotunan tauraron ɗan Adam, don haka mutum zai iya tashi daga Bauchi ya bi titin Gombe da ido, ya ratsa kogin Gongola a Dindima, ya wuce Alkaleri har ya kai Lawanti inda filin jirgin Gombe yake. Gine-ginen gari ba su fito daidai ba, amma duwatsu da koguna da manyan tituna suna inda suke, kuma su ne abin da matuƙin ƙaramin jirgi ke nema da idonsa.

Mai shagon, wanda yara ke kira Kyaftin ko da yake yana hana su, ya yi karatun aji na tuƙi amma kuɗi ya yanke masa kafin ya kammala awannin sama, kuma bai ɓoye wannan ga kowa ba. Jirage biyu yake koyarwa da su: Cessna 172, wanda aka fara ƙerawa a Amurka a tsakiyar shekarun 1950 kuma babu jirgin da aka ƙera da yawa kamarsa, da Diamond DA40 NG, irin wanda kwalejin Zariya ke amfani da shi. Wannan zaɓi ya burge ni, domin kwalejin, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana koyarwa da jiragen Tampico kafin ta kawo jiragen Diamond masu shan man manyan jirage maimakon fetur ɗin ƙananan jirage da ke da wuyar samu a ƙasar nan, kuma yaron da ya saba da allon DA40 ba zai yi baƙunta ba ranar da ya shiga na gaske.

Inda wurin ya fi ƙarfi shi ne ladabin aiki. Ba a kunna inji sai an ɗauki takardar dubawa an karanta ta layi bayan layi da babbar murya, ana taɓa kowane maɓalli da yatsa. Na ga yaron namu ya tsallake layin da ke cewa a tabbatar da bawul ɗin mai yana kan tankuna biyu, sai mai shagon ya ɗora hannu a kan totur ya hana shi motsi, ya ce, "Koma farko, ƙanena, ba daga inda ka tsaya ba." Bayan haka ne ya tura totur, jirgin ya fara karkata hagu saboda juyin farfela, ya danna fedar dama, ya ɗaga hanci da agogon gudu ya kai 55, yana faɗin kowane mataki da baki. Haka ake yi da maganar rediyo, wadda Turanci ne harshenta na ƙasa da ƙasa, kuma mai shagon yana zama a matsayin hasumiyar filin jirgi mai ba matuƙa umarni yana sa ɗalibi ya maimaita duk umarnin da aka ba shi kafin ya aikata.

Darasin da na fi so shi ne na hazo, kuma shi kaɗai ya isa ya biya kuɗin awar. Duk mutumin Bauchi ya san yadda ƙurar hunturu ke rufe gari daga Disamba zuwa Fabrairu har a soke tashin manyan jirage. Mai shagon kan bar ɗalibi ya yi nisa cikin sarari garau, sannan ya rage nisan gani sannu a hankali har layin da ya raba sama da ƙasa ya ɓace. Cikin ɗan lokaci fiffike ɗaya ya sunkuya ba tare da ɗalibin ya lura ba, hanci ya yi ƙasa, gudu ya ƙaru, shi kuma ya ja sitiyari, abin da ke ƙara matse kewayen da jirgin ke yi zuwa ƙasa. A 1954 Jami'ar Ilinoi ta Amurka ta gwada matuƙa 20 da ba su koyi tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba, aka rufe musu ganin waje, kuma a matsakaici daƙiƙa 178 suka yi kafin jirgin ya ƙwace musu. Shi ya sa ƙa'idar tuƙi da ido ke neman nisan gani na aƙalla kilomita 5 a yawancin sararin da ƙananan jirage ke bi.

Mu a wannan yanki ba sai an je nesa ba kafin a samu misali. A ranar 25 ga Oktoba, 2012, jirgin Cessna 208 da marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba a lokacin, yake tuƙawa daga Jalingo ya faɗi kusa da Yola, kuma rahoton hukumar binciken haɗurran jirage ya ambaci cewa tafiya ce ta tuƙi da ido da ta shiga bayan faɗuwar rana, a jirgin da lasisinsa bai kai ya tuƙa ba. Mai shagon yana kawo wannan labari cikin girmamawa, don ya nuna cewa yanke shawarar kada a tashi wani ɓangare ne na tuƙi. Yana kuma nuna yadda zafin Afrilu ke sa iska ta yi sako-sako, ta hanyar cika jirgi da mutum huɗu da mai a filin Jos, wanda ya haura ƙafa 4,000 sama da teku, ɗalibi ya ga yadda titi ke ƙarewa jirgi bai so rabuwa da ƙasa ba.

Abin da ya dame ni yana faruwa ne da yamma, lokacin da samari ke cika wurin. A lokacin ana barin kowa ya ɗauki babban jirgi ya yi ƙundumbala a saman gari, ya faɗi, a yi shewa, ya danna maɓalli ya sake tashi. Na san da wannan cinikin ake biyan haya da man janareto, amma kujerar da aka koyar da tsoron hazo da safe bai kamata ta koyar da cewa faɗuwa abin dariya ne da yamma ba. Na faɗa masa haka, ya ce, "Baba, gaskiya ne, amma in na kore su shagon zai rufe." Da zai ware na'ura ta biyu mai araha don wasa, ko ya sa dokar cewa ɗalibin da ya faɗi ya tashi daga kujera a zauna a bi abin da ya jawo, da ya gyara wannan.

Akwai kuma abin da kujera a ɗaki ba za ta taɓa bayarwa ba. Jiki ba ya jin nauyin juyi, sitiyarin ba ya yin tauri ko laushi da canjin gudu, kuma wanda ya daɗe a gaban allo yakan saba da kallon agogo maimakon leƙa waje neman wasu jirage, ɗabi'ar da malamin tuƙi zai sha wahalar cirewa. Babu zagayen duba jirgi kafin tashi, inda ake tatsar mai daga tanki a duba ko ruwa ya shiga. Wuta ma takan ɗauke a tsakiyar darasi, ko intanet ya yi rauni ƙasa ta dushe, ko da yake mai shagon ba ya lissafa wannan lokaci a kuɗin awa.

Iyaye su sani cewa awannin wannan shago ba sa shiga lissafin lasisi. Lasisin matuƙi mai zaman kansa yana buƙatar shekara 17, da gwajin lafiya a wajen likitan da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya ta amince da shi, da aƙalla awa 40 na horo a makaranta mai izini irin ta Zariya ko ta Ilori. Ina ba da shawarar a fara yin gwajin lafiyar kafin a kashe kuɗi mai yawa, musamman na ido da bambance launi. Wanda ya ci wannan gwaji, ya je Yelwa da safe a ranakun aiki lokacin da babu cunkoso, ya nemi darasi tare da mai shagon ba hayar kujera kawai ba, ya kuma ce masa ya fara da Cessna 172 da takardar dubawa.