Wasiƙa daga Boston kan numfashin bakwaini

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da su Hajiya da yara, ina sanar da ke cewa an sallamo 'yarki daga asibiti bayan mako shida a kwalba. Tun da ke ungozoma ce, na ga ya dace in faɗa miki abin da idona ya gani, domin na san jarirai nawa irinta suka kuɓuce miki a hannu.

An haife ta a mako na 30, kuma a daren farko ƙirjinta yana lotsawa ciki duk sanda ta ja numfashi, tana wani ɗan nishi mai ban tausayi. Likita ta bayyana mini cewa a cikin huhu akwai wani ruwa mai santsi kamar na sabulu, wanda ake kira safaktan, shi ne yake hana 'yan jakunkunan iska mannewa bayan an fitar da numfashi, kuma huhun bakwaini bai kai ga samar da isasshensa ba. Wadda ta gano haka ita ce Dokta Mary Ellen Avery, tare da Jere Mead na Jami'ar Harvard, a 1959. Ita kanta ta yi jinyar tarin fuka bayan ta kammala karatun likita a 1952, abin da ya ja hankalinta ga huhu. Ta gwada huhun jariran da suka rasu da wannan ciwo da na waɗanda wani dalili daban ya kashe, sai ta ga na farkon ba su da ruwan. Daga baya, a 1974, ta zama mace ta farko da ta shugabanci likitocin asibitin yara na Boston.

Sanin ciwon bai kawo magani nan take ba. A 1963 ɗan Shugaba Kennedy ya rasu da shi a garin nan, bai cika kwana biyu a duniya ba, duk da mulki da dukiyar ubansa. Sai a 1980 Dokta Fujiwara na Japan ya yi nasarar ɗura wa jarirai 10 safaktan da aka samo daga huhun saniya. Irinsa aka ɗura wa 'yarki ta wani siririn bututu, kuma kafin in idar da sallar asuba launin jikinta ya dawo.

Maganin yana da tsada ƙwarai, kuma takardar kuɗin asibiti a ƙasar nan tana iya karya magidanci in ba shi da inshora. A wannan fanni ba na yi wa Amurka kwalliya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙananan abubuwa. Iskar oksijin daga bango take fitowa kamar ruwan famfo, ba a tura uba neman silinda da tsakar dare, kuma wuta ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba, balle a jira janareto. Na tuna daren da muka rasa ɗan ƙanwarmu a gida, muna zagayen kemis da takarda a hannu. Na'urar sifaf da ke tura iska a hankali ta hancinta kuwa, da na duba sai na ga bututu ne da gorar ruwa mai ɓulɓula, kuma an ƙera mai arha irinta ana amfani da ita a Malawi.

Mafi arha duka ita ce allurar da aka yi wa mahaifiyarta sau biyu da naƙuda ta taso, wadda ke gaggauta nunar huhun ɗan da ke ciki. Liggins da Howie ne suka tabbatar da amfaninta a Niyu Zilan a 1972, sannan binciken Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda asibitocin Najeriya suka shiga, ya nuna allura irinta mai suna deksametason tana rage mutuwar bakwaini a ƙasashe irin namu, in an tabbatar da watannin ciki kuma akwai kulawa bayan haihuwa.

Don Allah ki duba mini ko kuna da wannan allura a ɗakin haihuwarku, ki kuma tambayo kuɗin na'urar tace oksijin da batirin sola a Kano. Mu 'yan gida da ke nan mun fara magana kan haɗa kuɗin. Ki gaida Hajiya, ki ce mata takwararta ta fara kama nono.