Tashar GMHikaru: Sharhi Kan Salon Wasan Hikaru Nakamura a Intanet

Duk mai bibiyar wasan darar ces a intanet ya san sunan Hikaru Nakamura, ɗan Amurka da aka haifa a garin Hirakata na ƙasar Japan a shekarar 1987, wanda ya sami lambar babban gwani a 2003 yana ɗan shekara 15, ya kuma lashe kambun Amurka sau biyar. Tun daga 2018 ya mayar da hankali ga watsa wasanninsa kai tsaye a ƙarƙashin sunan GMHikaru, da farko a Twitch, daga baya a Kick, tare da tashar YouTube inda ake ɗora gutsattsarin wasannin da sharhinsa. Wannan hidima ce nake son aunawa, wato abin da mai kallo yake samu idan ya ba ta lokacinsa, kuma ba za a iya auna ta ba sai an auna salon wasan mutumin, domin salon shi ne hajar da aka baje.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne sauri. A gasar Titled Tuesday ta dandalin Chess.com, wadda a baya aka daɗe ana bugawa zagaye 11 da minti uku ga kowane ɗan wasa da ƙarin daƙiƙa ɗaya bayan kowane taku, Nakamura yakan kai tsakiyar wasa yana da rarar lokaci mai yawa a kan abokin karawarsa, alhali yana magana da masu kallo, yana karanta saƙonninsu, wani lokaci ma yana gyaɗa kai ga kiɗan da ke tashi. Wannan ba sabon abu ba ne gare shi, domin tun yana matashi ya yi suna a tsohon dandalin wasan ces na intanet mai suna ICC da laƙabin Smallville, inda ya buga wasannin minti ɗaya marasa adadi. Ya ƙware ƙwarai wajen ajiye taku tun kafin abokin wasa ya taka nasa, dabarar da a Chess.com take cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kacal, kuma ya san lokacin da za a yi ta ba tare da an yi asarar sarauniya a banza ba. Sai dai ina ganin masu cewa saurin hannu ne sirrinsa ba su kalle shi da kyau ba. Akwai matasan gwanaye da hannunsu ya kai nasa sauri, wasu ma sun fi shi, amma yana doke su a kai a kai.

Ainihin ƙarfinsa, a nawa hukuncin, yana wajen kare kai idan al'amura sun dagule. Mai kallo zai sha ganin wannan yanayi: ma'aunin kwamfuta da ke gefen allo ya karkata gaba ɗaya ga abokin karawa, Nakamura ya rasa soja ɗaya ko biyu, sarkinsa yana fili, shi da kansa yana girgiza kai yana cewa wasan ya lalace. Daga nan sai ya ɗaga ido sama ya bar allon, ya shiga jero takun da baki da sauri, ya ci, na ci, ya ci, na matsa wa sarki, sannan ya sauko da ido ya yi wani taku wanda ba lallai shi ne kwamfuta za ta zaɓa ba. Takun da yake nema a irin wannan hali shi ne wanda zai tilasta wa ɗaya ɓangaren yin lissafi mai tsawo alhali agogonsa ya kusa ƙarewa. Yana kafa tarko ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana buƙatar amsa guda tak, kuma mutumin da ya rage masa daƙiƙa 20 da wuya ya samo amsa biyar daidai a jere. Haka wasan da aka riga aka yanke masa ƙauna yake komawa canjaras, wani lokaci ma nasara. Wannan fahimta ta cewa da mutum ake wasa, mai gajiya da firgita da duba agogo, ita ce darasi mafi daraja a tashar, kuma ba kasafai ake samun ta a littattafan koyarwa ba.

Yana da haƙuri mai ban mamaki a wasannin da suka cushe. Tun a 2008 ya nuna haka a ICC, lokacin da ya kara da manhajar Rybka, wadda ke kan gaba a wancan zamani: ya kulle allon da sojoji, ya yi ta kai da komo har manhajar ta soma sadaukar da kayanta don gudun canjaras, ya kuma ci wasan bayan taku 271. Har yau idan ya ga abokin wasa ba shi da hanyar kutsawa, ba ya gajiya da jira, kuma agogo yana yi masa aiki.

Game da buɗe wasa kuwa, a nan ne yabo da suka suke haɗuwa. A wasannin sauri Nakamura yana son farawa da tura sojan da ke gaban doki taku ɗaya, wato zuwa gidan b3 idan yana riƙe da farare, ko g6 idan yana da baƙaƙe, don ya fitar da abokin karawa daga abin da ya haddace tun a takun farko, a koma ga wanda ya fi iya tunani a wurin. Dabara ce mai ma'ana ga wanda yake buga wasanni da dama a rana ɗaya a bainar jama'a, tun da ba zai so ya tona shirin da ya tanada don manyan gasanni ba. Amma ita ce kuma take jefa shi cikin ramukan da yake fitowa daga ciki da ƙyar. Sau da yawa kariyar da muke tafa wa ba za a buƙace ta ba da ya buɗe wasan a tsanake. A kan gwanin da bai kai shi ba, wannan ba ya cutarwa. A kan 'yan kaɗan da suke daidai da shi, yana ba su kyautar da ba sa mayarwa.

Akwai kuma ɓangaren raha, wanda tashar ta yi fice a kai. Shi ne ya ƙara yayata buɗin nan da ake kira Bongcloud, inda ake tura sojan gaban sarki sannan a fito da sarkin kansa a taku na biyu, abin da ya saɓa wa kowace ƙa'idar da ake koya wa ɗan koyo. A watan Maris na 2021 shi da Magnus Carlsen, ɗan Norway kuma zakaran duniya a lokacin, suka yi wa juna wannan buɗi a wata gasar intanet, suna dariya, suka maimaita taku aka tashi canjaras. Yana kuma yin jerin wasanni inda yake buɗe sabon asusu daga ƙasa, ya ba da sarauniyarsa da gangan, ya ga iya inda zai kai. Ba na musun cewa abin yana da ban dariya, kuma yana nuna tazarar da ke tsakanin babban gwani da sauran jama'a. Matsalar ita ce ɗan koyo yana kwaikwayon abin da idonsa ya gani, kuma abin da ido ke gani shi ne fito da sarki da wuri da cinye mutum da agogo. Lissafin da ke riƙe da waɗannan abubuwa yana cikin kan Nakamura, ba ya bayyana a allo. Wanda ya ɗauki wasan kuran bai ɗauki layar ba, ya san abin da zai same shi.

Wannan ya kawo mu ga babban raunin tashar a matsayinta na wurin koyo. Nakamura ba malami ba ne a ɗabi'arsa. Yana zana kibau a allo, uku ko huɗu cikin daƙiƙa biyu, ya ambaci sunayen gidaje da Turanci mai gudu, ya ce ai wannan a fili yake, ya wuce. Abin da yake a fili ga mutumin da matsayinsa a jadawalin FIDE, hukumar ces ta duniya, ya taɓa kai maki 2816 a 2015 ba ya fili ga wanda ya soma wasa bara. Ya taka rawa wajen horar da masu watsa shirye-shirye a gasar PogChamps ta 2020, wadda ta jawo ɗimbin sababbin 'yan wasa a lokacin kullen korona, kuma a can an ga yana iya sassautawa idan ya ga dama. A shirinsa na yau da kullum ba ya yin haka sosai. Abin da ya fi amfani ga mai son ƙaruwa shi ne bidiyon da yake ɗorawa a YouTube da yamma bayan kowane zagaye idan yana halartar babbar gasa, inda yake bin wasansa na ranar taku bayan taku, yana faɗin abin da ya lissafa, da inda ya ruɗe, da abin da ya tsorata shi. Ya yi haka har a gasar fitar da mai ƙalubalantar zakaran duniya, a ranar nasara da ranar faɗuwa, kuma kaɗan ne cikin manyan 'yan wasa suke yarda su buɗe cikinsu haka ana tsakiyar gasa. Mai kallo zai iya tsayar da bidiyon, ya jera kayan a nasa allon, ya gwada tunaninsa kafin ya ji amsa.

Wani abin da nake ganin ya kamata a faɗa shi ne yawan lissafin riba da yake yi. Nakamura na farko ɗan wasa ne mai kai hari ba ji ba gani. Wasansa da babban gwani Boris Gelfand a Bursa ta Turkiyya a 2010, inda ya bar sarauniyarsa a bakin ci sau da dama yana farautar sarki, har yau ana nuna shi ga ɗalibai. Nakamura na intanet ya fi wancan wayo, amma bai kai shi ban sha'awa ba a wasu ranaku. Idan teburin gasa ya nuna canjaras zai wadatar, ba ya jin kunyar bin sananniyar hanyar nan ta buɗin wasan da ake kira Berlin, inda ake musayar kaya da wuri, sarauniyoyi biyu su yi ta kai da komo, a tashi a taku na 14. Ta fuskar neman kuɗin gasa da ajiye ƙarfi babu laifi a ciki. Ta fuskar wanda ya zauna don ya ga fafatawa, an ba shi kwano a rufe babu komai a ciki, kuma tun da shi da bakinsa yake cewa yanzu watsa shiri ne sana'arsa ta farko, mai kallo yana da hurumin yin ƙorafi.

Sai batun Carlsen, wanda ba a kammala maganar Nakamura sai da shi. A wasan dogon lokaci ɗan Norway ya yi masa nisa, domin sai a Bilbao a 2016 Nakamura ya fara doke shi bayan shan kaye da yawa. A intanet tazarar ta ragu ƙwarai. Nakamura ya lashe gasar Speed Chess Championship sau biyar a jere daga 2018 zuwa 2022, kuma a ta ƙarshen Carlsen ya doke da maki 14.5 da 13.5, kafin Carlsen ya rama a 2023 da tazarar maki ɗaya shi ma. Wanda ya kalli waɗannan karawa zai lura cewa dabarun da ke rikita kowa ba sa rikita Carlsen yadda ya kamata: ba ya firgita da agogo, kuma idan ya sami ƙaramar rinjaye a ƙarshen wasa yana matsa ta a hankali har ta zama nasara. A nan ne sakacin buɗe wasa yake fitowa da tsadarsa. 

Halinsa a gaban kyamara ma yana cikin abin da ake saye. Fuskarsa ba ta ɓoye komai, kuma idan ya yi kuskure za ka gani kafin ya faɗa. Idan ya sha kaye biyu a jere yakan hasala, ya soma taka kaya da gaggawa, ya yi ta nanata cewa abin bai dame shi ba alhali kowa yana ganin akasin haka. Wasu masu kallo wannan ne yake jawo su, wasu kuma yana gundurar su. Ni abin da ya fi damuna shi ne bidiyoyin da ba na wasa ba, inda ake karanta rigingimun duniyar ces ana tofa albarkacin baki, da kanun da ake ƙawatawa fiye da abin da ke ciki. Suna jawo jama'a, amma ba sa ƙara wa kowa iya wasa, kuma suna binne bidiyoyin sharhi masu amfani a tsakaninsu har sai an tona.

Ga wanda ya riga ya san ƙa'idojin buɗe wasa, yana iya karanta sunayen gidaje ba tare da ya tsaya nema ba, kuma yana jin Turanci mai sauri, tashar tana da abin da ba zai samu a wani wuri cikin sauƙi ba, musamman yadda ake yanke shawara cikin matsin lokaci da yadda ake wahalar da mai rinjaye. Ina ba shi shawarar ya fara da bidiyoyin sharhin gasa, sannan ya kalli Titled Tuesday yana rufe ma'aunin kwamfuta don ya tilasta wa kansa tunani. Wanda bai daɗe da koyon yadda doki yake tsalle ba, gara ya nemi malamin da ke magana a hankali, ya riƙa leƙa GMHikaru don nishaɗi kawai, kuma kada ya fito da sarkinsa a taku na biyu.