'Yar na'urar raba sauti mai baki biyar

Wata uku ke nan da na sayi 'yar na'urar nan da ake cusawa a ramin iyafis mai milimita 3.5, ta raba sauti gida biyar. Yarana uku ne kullum cikin faɗa kan wa zai saurari karatu a waya. Yanzu kowa da nasa a kunne, gida tsit.

Ba ta buƙatar caji, sautin kuma ba ya jinkiri irin na Bluetooth. Sai dai fa kana ƙara iyafis sauti na raguwa. Ranar da muka jona biyar sai da na ƙure ƙarar. Kuma ba a rage wa mutum ɗaya, sai dai kowa. Autata ce ke ƙorafin wannan, ita ba ta son ƙara.