GARGAƊI ga masu jirgin inji: akwai wani "injiniya" da ke yawo da sunan gyaran hunturu

Salam 'yan uwa masu jirgi, musamman na Yauri, Zamare, Rofiya har zuwa Wara da Malale, dan Allah ku karanta ku tura ma wasu, ni dai an riga an ci ni.

Jirgina na katako ne, na gada wajen Baba, injin kuma Yamaha Enduro 40 ne tsoho mai igiya, ya sha wahala amma bai taɓa barina a tsakiyar ruwa ba. Duk shekara in hunturu ya shigo hazo ya rufe har ba ka hango ɗaya gaɓar, sai na rage fita na ja jirgin tudu, a canja katakon da ya ruɓe, a toshe ɓaraka, a zuba sabon man giya, a duba fulogi da farfela tunda kun san kututturen da ruwan Kainji ya shanye ba su san tausayi ba. To bana sai ga wani a gurup ɗin WhatsApp yana ta saka bidiyon injuna suna sheƙi, wai yana yin obahol, wato gyaran inji gaba ɗaya, sabon fistin da ringi, sabuwar robar famfon ruwa, har ya maida maka injin mai ki, wato makullin tayarwa, da batir ka huta da jan igiya. Wannan maganar kin ce ta ja ni gaskiya, kafaɗata ta gaji.

Ya zo har bakin ruwa da mota, baki kamar zuma, Alhaji kaza Alhaji kaza, ya ce kayan aikinsa na shago dole ya tafi da injin kwana 5. Kawu yana zaune yana ɗinkin koma ya ce min "kai yaro, inji ba ya kwana a hannun baƙo", na ce Kawu ai zamani ya canja. Na ba shi dubu 250 kafin alƙalami, cikon dubu 150 ranar da ya kawo.

Kwana 5 ya zama 16. Da ya kawo kuwa wlh kamar daga kwali, sabon fenti, sabuwar sitika, ya tada shi a cikin durom ya yi ƙara na minti biyu ya kashe, ya ce kayan ki ɗin suna hanya daga Legas, ya karɓi cikonsa ya wuce.

Ranar da na fara fita ko rabin hanyar Rofiya ban kai ba na lura injin ba ya fitsari, ruwan nan da ke tsartuwa ta baya ya ɗauke, kan injin ya yi zafi har ƙauri nake ji, na kashe muka dawo da filafili, Allah ya sa ba fasinja sai ni da yarona. Tsohon makanikinmu, wanda na tsallake saboda kwaɗayin ki, ya kwance injin a gabana bai ce min komai ba. Robar famfon tsohuwa ce fukafukanta sun karye. Ya kwance noti na ƙasa man giya ya fito fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga kenan. Daga nan ya kankare fentin da wuƙa sai ga walda a jikin ƙafar, wato sashen ƙasa mai giya da farfela, ashe ba ƙafar injina ba ce sam, mutumin nan ya cire tawa mai lafiya ya ɗaura min matacciya. Kafireto ma an canja. Lambar da ke jikin maƙalin da ake ɗaura injin a jirgi da shi ce kawai tawa, shi ya sa ban gane ba.

In za ku ba da gyara a yi shi a bakin ruwa kuna tsaye, ku yi ma ƙafa da kafireto da kan silinda alama da ƙusa inda ku kaɗai kuka sani, ku ce a ba ku tsoffin kayan da aka cire a hannu, kuma gwajin durom ba gwaji ba ne, a ɗaura a jirgi a yi tafiya da kaya kafin ku cika kuɗi.

Lambar wayar mutumin a kashe take tun ranar, ya fice daga gurup ɗin, amma jiya wani ɗan uwa ya turo min bidiyon nan dai na injuna masu sheƙi daga wani gurup na masunta, da sabuwar lamba da sabon suna, muryar kuwa tasa ce.