Drupal 7 ya tsufa: ina za ka kai shafinka?

Ranar 5 ga Janairun 2025 masu kula da Drupal, manhajar gina shafukan intanet, suka janye hannu daga Drupal 7, shekara 14 cif bayan fitowarsa. Shafin intanet da aka gina a kansa bai mutu a ranar ba. Yana buɗewa, labarai na hawa, hotuna na nan yadda aka bar su. Abin da ya tsaya shi ne gyaran tsaro: duk ɓarakar da aka gano daga nan, masu Drupal ba za su ƙara toshe maka ita ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Oktoban 2014 ba zai yi wasa da wannan ba. A lokacin an gano wata ɓaraka da aka yi wa laƙabi da Drupalgeddon, masu kutse suka far wa shafuka da sauri, har sashen tsaro na Drupal ya ce duk shafin da ba a gyara ba cikin awa 7 da fitar sanarwa, a ɗauka an riga an shige shi. Wancan karon akwai gyara, wasu ne suka makara. Yanzu gyara daga masu Drupal ɗin ne babu.

Akwai kuma matsi daga wani ɓangaren. PHP shi ne harshen kwamfuta da aka rubuta Drupal da shi, kuma PHP 7.4 ya daina samun gyara tun Nuwamban 2022, kamfanonin da ke ba da hayar sabar (kwamfutar da shafi ke zaune a kanta) kuma suna ta cire tsofaffin PHP. Shi kansa Drupal 7 yana tafiya a kan PHP 8, amma tsofaffin modul da aka liƙa masa, wato ƙananan manhajojin da ke ƙara masa aiki, ba duka ba ne za su jure. Wata safiya sai ka buɗe shafi ka tarar da farin allo.

Zaɓin da ke gabanka biyar ne: sabon Drupal, Backdrop, WordPress, biyan kuɗi a ci gaba da gadin tsohon, ko daskarar da shafin. Manhajojin kyauta ne, saboda haka kada wani ya sa maka kuɗinsu a lissafi. Kuɗin yana cikin kwashe kayan, da kuma wanda zai riƙa kula da shafin bayan an gama. Da waɗannan biyun ya kamata a auna.

Kafin ka kira kowa ya yi maka farashi, shiga ɓangaren masu gudanarwa ka ƙirga abu uku: nau'in abubuwan da ake wallafawa nawa ne, modul nawa ne a kunne, kuma a cikinsu nawa ne wani ya rubuta maka musamman. Na ukun nan shi ke tayar da farashi. Shafin makaranta mai labarai da hotuna daban, shafin ƙungiya mai rajistar mambobi da biyan kuɗi daban.

Sabon Drupal: sunan ne ɗaya

Mutane da yawa suna zaton akwai maɓallin da za a danna Drupal 7 ya koma 10 ko 11. Babu shi. Drupal 8 da ya fito a Nuwamban 2015 an sake gina shi ne daga tushe a kan wani tsarin PHP mai suna Symfony, aka kuma canza yadda ake rubuta zanen fuskar shafi zuwa Twig. Abin da za a yi maka ba fenti ba ne, sabon gida za a gina a wani fili, sannan a kwaso kaya daga tsohon ɗaki bayan ɗaki. Akwai modul na kwashe kaya a cikin Drupal ɗin kansa, mai suna Migrate, kuma yana ƙoƙari: labarai, masu rajista, rukunai da fayiloli suna hayewa. Amma zanen fuska sai an sake rubutawa. Jerin da aka tsara da Views, wato abin da ke fito da sabbin labarai a shafin farko ko jerin ma'aikata, ba ya hayewa da kansa, galibi da hannu ake sake shi. Duk modul da aka rubuta maka musamman sai an sake shi. Idan kuma wanda ya fara haɗa shafin ya riƙa cusa lambobin PHP a cikin rubutu kai tsaye, an cire wannan damar daga sabon Drupal, don haka sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

To me ka samu? Wahalar sau ɗaya ce. Daga 8 zuwa 9, zuwa 10, zuwa 11, hawan ya zama na sabuntawa, ba na sake gini ba. Sannan ga harsuna. Drupal 7 sai an haɗa masa modul na waje kafin ya iya fassara yadda ya kamata, amma sabon da kayan fassararsa ya zo. Gidan jarida ko ƙungiyar da ke wallafa labari guda da Hausa da Turanci, ko da Hausa da Faransanci kamar yadda ake yi a Nijar, a nan za ta fi samun natsuwa. Haka ma jami'a ko hukuma mai ma'aikata da yawa, inda wannan zai rubuta, wancan ya duba, na uku ya wallafa.

Idan ka zaɓi wannan hanya, ka nufi 11, wanda ya fito a Agustan 2024. Drupal 10 na Disamban 2022 ne, kuma tallafinsa a 2026 zai ƙare, ba hikima ba ne ka biya kuɗin ƙaura zuwa inda ake shirin tashi. Sai dai fa 11 yana son PHP 8.3 da rumbun bayanai na MySQL 8.0 ko MariaDB 10.6. Kuma kula da shi yadda ya kamata da Composer ake yi, wato manhajar saukewa da sabunta modul, wadda ke buƙatar a shiga sabar ta SSH, ƙofar da ake rubuta wa sabar umarni kai tsaye. Hayar sabar mai araha ta cPanel sau da yawa ba ta ba da wannan ƙofa. Ka tambayi kamfaninka tun kafin ka sa hannu a kwangila, don kuɗin haya na iya ƙaruwa duk shekara. A Janairun 2025 an fitar da Drupal CMS, wanda aka shirya don waɗanda ba masana ba su iya ɗora shafi da sauƙi. Yana rage wahalar sabon gini, amma ba ya kwaso maka tsohon kaya.

Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce: wa zai riƙe shi? Drupal yana fitar da gyara a kai a kai, kuma masu iya shi ba su kai masu iya WordPress yawa ba, ko kusa. Idan ba ka da ma'aikaci ko kamfanin da za ka riƙa biya, ka sayi abin da zai sake tsufa a hannunka.

Backdrop, wanda ba a cika ambata ba

A ganina wannan ne zaɓin da masu ƙananan shafuka suke tsallakewa ba dalili. Jen Lampton da Nate Lampton, waɗanda suka daɗe a aikin Drupal, su suka ɓalle da shi don masu son tsarin Drupal 7 ba tare da nauyin na 8 ba, sigar farko ta fito a Janairun 2015. Da yake tsatsonsu ɗaya, rumbun bayananka ake ɗauka a sabunta shi kai tsaye, jerin Views ma suna hayewa. Modul da aka rubuta maka gyara za a yi masa, ba sakewa ba. Yana zama a kan hayar sabar mai araha, ba ya neman Composer, ana fitar da sabuwar siga sau uku a shekara, a Janairu da Mayu da Satumba. Ma'aikatan da suka saba da tsohon kuma ba sai an sake koya musu komai daga farko ba.

Rauninsa ƙarancin jama'a. Modul ɗinsa ba su kai na Drupal yawa ba, zanen fuska sai an taɓa shi, kuma idan wanda ya yi maka aikin ya tafi, samun wani zai ɗauki lokaci, ko da yake duk wanda ya iya Drupal 7 zai gane hanyarsa a ciki. Akwai modul mai suna Backdrop Upgrade Status da ake sa wa tsohon shafin, ya jero maka waɗanne modul ɗinka ne suke da takwara a can. Ka sa a yi wannan gwajin kafin a yi maganar kuɗi.

WordPress

Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, kuma wannan ne babban darajarsa: ko a Kano kake ko a Maraɗi, samun wanda ya iya shi ba wuya. Idan shafinka labarai ne da hotuna da 'yan shafukan bayani, ka koma WordPress ka huta. Akwai FG Drupal to WordPress mai kwaso rubutu da hotuna, yana da na kyauta da na kuɗi.

Inda yake cizo shi ne shafi mai tsari da yawa. A ce kana da kundin malamai, kowane malami an ɗaure shi da sashensa da darussansa da littattafansa. Drupal da wannan aka haife shi, WordPress kuwa sai an yi masa ƙari a kan ƙari, kuma masu kyau daga cikin ƙarin nan da dala ake biyansu duk shekara. Fassara ma haka: sai Polylang ko WPML, na biyun kuwa na kuɗi ne. Ka ce wa mai aikin ya rubuta maka duk abin da za a riƙa sabunta kuɗinsa a shekara. Kada ka yarda ko kaɗan da ƙarin da aka saci lasisinsa aka ba ka a matsayin rangwame, don ɓarayi na shigowa ta nan.

Sayen lokaci, ko daskarewa

HeroDevs da Tag1 Consulting suna sayar da gyaran tsaro na Drupal 7 bayan wa'adinsa. Wannan na mai babban shafi ne da ƙaurarsa za ta ci watanni, ko hukumar da sai kasafin baɗi zai fito. Kuɗin waje ake biya, kuma ranar da ka daina biya kana nan inda kake.

Daskarewa kuwa na shafin da aikinsa ya ƙare ne: taron da aka gama, shirin tallafi da aka rufe, tsohuwar mujalla. Da HTTrack ko wget ake kwafe shi ya zama fayilolin HTML zalla, a ɗora a GitHub Pages ko Netlify. Ba rumbun bayanai, ba ƙofar shiga, don haka ba abin da mai kutse zai fasa. Fom da akwatin bincike za su daina aiki, sabon labari kuma ba zai hau da sauƙi ba. Ƙungiyoyi da yawa da ke neman kuɗin sake gini wannan kawai suke buƙata.

Abin da za a duba ko wacce hanya ka bi

Na farko ya shafe mu kai tsaye. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna lalacewa idan aka fitar da rumbun bayanai da tsarin haruffa guda aka shigar da wani. Sai ka buɗe labari ka ga "ƙasa" ta koma "Æ™asa", "ɗalibai" sun koma "É—alibai". Mai aikin da ba ya jin Hausa zai duba shafin farko, ya ga hotuna sun fito, ya ce an gama. Ka ce a sa sabon rumbun a kan tsarin haruffa na utf8mb4, sannan kai da kanka ka buɗe tsofaffin labarai, ka rubuta "ƙungiya" a akwatin bincike ka ga ko za ta fito. Gyaran yana da sauƙi tun ana gwaji. Idan aka bari har aka yi wata ana zuba sabbin labarai a kan lalatattu, aikin ya ninka. Ka duba samfurin haruffan (font) da sabon zanen ya zo da shi ma, don wasu ba su da waɗannan haruffa, sai ka ga ƙ ta yi tsalle daban a tsakiyar kalma.

Na biyu adireshi. Tsohon labarinka mai adireshin /node/482 yana cikin Google, yana cikin saƙonnin WhatsApp, yana Facebook tun shekaru. Idan sabon shafi ya canza adireshin ba a yi turawa ta 301 ba, wato umarnin da ke kai mai tsohon adireshi zuwa sabon, duk wanda ya danna zai faɗa shafin "ba a samu ba", masu zuwa ta bincike kuma su ragu. A sa wannan a rubuce cikin kwangila, kuma ka zaɓi tsofaffin adireshi ka gwada da hannunka.

Duk wanda ya ce zai yi aikin a kan shafin da ke aiki kai tsaye, ka nemi wani. A kan kwafi ake yi, a wani adireshi na gwaji, tsohon yana ci gaba da aikinsa har ranar sauyi. Kafin a taɓa komai a ɗauki ajiyar fayiloli da ta rumbun bayanai, a ba ka kwafi a hannunka, kuma a gwada dawo da ita sau ɗaya a gabanka, domin akan sami ajiyar da sai ranar buƙata ake gane ba ta buɗewa.

Wajen biya, ka raba kuɗin kashi-kashi, ka riƙe na ƙarshe sai ka karɓi makullai: shiga sabar, asusun babban mai gudanarwa, da asusun sunan shafin, wanda ya kamata ya kasance da sunanka ko na ƙungiyarka da imel ɗinku, ba na mai aikin ba. Ka kuma tambayi farashin kulawa na shekara tun yanzu, kafin ya san ba ka da wani sai shi. Idan ka sami farashi biyu masu tazara sosai, ka tura wa kowannensu jerin modul ɗinka, ka ce ya rubuta a gaban kowane ɗaya abin da zai maye gurbinsa a sabon shafin.