Dexonline: ƙamus mai kyau, amma bai san sunayen garuruwa sosai ba

Ɗalibanmu na Agege da Idi-Araba a Legas masu shirin karatu a Romaniya sukan tambayi me ya sa sunayen garuruwan ƙasar suke kama da Rashanci, alhali yarenta ɗan gidan Latin ne. Slabawa, al'ummar da Rashawa ke cikinta, sun zauna a yankin tun ƙarni na 6, kuma coci da fada sun daɗe suna rubutu da tsohon Slabanci, shi ya sa sunayen suka zauna. Dexonline.ro, ƙamus na Romaniyanci na kyauta a intanet da aka fara a 2001, yana taimakawa wajen warware su, in dai mutum ya san yadda zai tambaye shi.

Kada a zuba sunan garin gaba ɗayansa. A yanke wutsiyar, wato -ova, -ița ko -iște, a nemi abin da ya rage, sannan a duba ƙarshen bayanin. In an ga "Din sl.", kalmar daga Slabanci take. Târgoviște zai ba da târg, kasuwa. Craiova zai ba da crai, sarki. Prahova kuwa danginsa praf ne, ƙura. A nan ƙamus ɗin ba shi da na biyu, don yana jera fassarar ƙamusoshi da dama a shafi guda.

Inda yake kasawa shi ne saiwar da ba ta shiga yaren yau da kullum ba. Bistrița daga bystr take, mai sauri, Cerna baƙa, Ialomița daga jalov, ƙasar da ba ta haihuwa, Târnava kuma ƙaya. Yankan wutsiya ba ya kai mutum ga waɗannan cikin sauƙi.

Tarko mafi muni Dâmbovița ne, kogin da ya ratsa Bukarest, babban birnin ƙasar. Wanda ya nemi dâmb zai samu "tudu", kalmar da aka aro daga Hangariyanci, ya tafi da murna. Amma sunan kogin daga kalmar Slabanci ta itacen oak yake, kamar yadda Idi-Araba ke nufin gindin rimi a Yarbanci. Kalmar da za a nema ita ce dumbravă, wato kurmin oak.

Kuma ba kowane suna ne na Slabawa ba. Sunayen kogunan Olt da Mureș sun girmi zuwansu. Bayanin ƙamus ɗin duka da Romaniyanci yake, sai an haɗa da manhajar fassara, amma yawancin shafin rubutu ne, ba ya cin data sosai.